A fito mana da wasan ɗalibai bakin titi

Yau kam ba maganar siyasa ko tsadar masara zan yi ba. Magana ce a kan yaran nan da muke biya wa kuɗi mu tura makaranta, su dawo hutu sun yi shiru-shiru, mu kuwa mu ce ai karatu ne ya natsar da su.

Da yawa daga cikinmu a nan Angwan Iya fatauci ne ko ci-rani ko aikin gwamnati ya kawo mu, ko ya kawo iyayenmu, daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, wasu ma daga Maraɗi. Kuma Allah ya sauke mu a garin makarantu. Kwalejin Gwamnati ta Keffi da aka kafa a 1949 tana nan, a nan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare, ga kuma jami'ar jiha da ta zo a farkon shekarun 2000 ta cika gari da ɗalibai 'yan haya. Ba wata makaranta nake nuna wa yatsa ba, ciwon da zan ambata na ƙasa ne baki ɗaya, wato azabar da tsofaffin ɗalibai ke gana wa sababbi da sunan al'adar makaranta.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san zancen. Siniya ya sa ka ɗebo masa ruwan wanka da asuba, ka wanke masa kaya, ya buɗe akwatinka ya kwashe garin kwaki da suga da madarar da uwarka ta ƙulla maka, in ka ɗaga ido ka sha kamun kunne da tsallen kwaɗo, wani lokacin har da bel. Abin takaici, wanda aka yi wa bana shi ne zai yi wa wani baɗi, wai shi ma yana fanshewa. Mu iyaye kuma mun ba abin suna mai daɗi, muna cewa horo ne, haka mu ma aka yi mana ga shi mun zama mutane. To a jami'a horon nan yakan rikiɗe ya zama wani abu daban. Ƙungiyoyin asiri na ɗalibai da dare suke karɓar sabon shiga, a daji ko a kango, da duka da rantsuwa, kuma yaron da ya saba tun yana shekara 12 cewa babba ya dake shi ya yi shiru, shi ne ya fi sauƙin kamu.

Asalin abin ma ba haka yake ba. Ƙungiyar farko da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba ta kisa ba ce, daga baya ne aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu har aka kai ga bindiga da gatari. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka kutsa ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kashe ɗalibai 5, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Gwamnatin Obasanjo ta ba shugabannin jami'o'i wa'adi su kawar da ƙungiyoyin, aka yi ta bukukuwan tuba a gaban kyamara, aka kakkafa alluna a ƙofar kowace makaranta. Yau shekara fiye da 25, allunan na nan, matsalar ma na nan. A watan Afrilun 2024 sai da bidiyo ya bazu na wata ɗaliba tana shan mari a hannun 'yan uwanta ɗalibai a wata makarantar masu kuɗi a Abuja, nan kusa da mu, sannan aka rufe makarantar na kwana 3. Da ba a ɗauka a waya ba, wa zai sani?

Wannan tambayar ita ce ta kawo ni ga ra'ayina. Cin zalin nan a ɓoye yake rayuwa. Allo ba ya tona shi, lacca a babban ɗakin taro ba ta tona shi, don wanda ake cuta yana zaune a layi ɗaya da mai cutarsa, kowa ya sunkuyar da kai. Abin da nake ganin zai tona shi shi ne ɗalibai da kansu su kwaikwayi abin a fili, a bakin kasuwa da tasha da ƙofar unguwa, da Hausa da Turancin buroka, inda mai shayi da ɗan acaɓa da mai gidan haya da uwar yaro za su tsaya su gani da idonsu.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Mu ne fa masu tashe. Da azumi ya kai kwana 10 yara ke fita gida-gida suna kwaikwayon gwauro da mai rowa da malamin tsibbu, a yi dariya, amma mai hali ya ji a jikinsa. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, a faɗa musu abin da ba mai iya faɗa da baki. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa maganar da ta fi ƙarfin gaba-da-gaba, a wasa ake isar da ita. 'Yan boko ma sun gwada. A Jami'ar Ahmadu Bello, tun tsakiyar shekarun 1970, Michael Etherton da Brian Crow suka riƙa tura ɗaliban wasan kwaikwayo cikin Samaru su ji koken mutane su mayar da shi wasa, aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, daga baya irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka ɗora. Jami'armu ta Keffi tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo. Kayan aiki dai ga su a gida.

Amma fa akwai tarko, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Na farko, mugu ya fi daɗin kwaikwayo. In ba a yi hattara ba, yaron da ya fito a siniya, da taƙamarsa da tafiyarsa da kalamansa, shi zai sace zuciyar 'yan kallo, ƙananan yara su koma gida suna maimaita shi, a tashi an yi wa cuta talla. Maganin wannan shi ne dabarar Augusto Boal, mutumin Brazil: a tsayar da wasa daidai inda aka ɗaga bel, a juyo ga jama'a a ce wa zai shigo ya karɓi matsayin yaron nan, ko na abokinsa da ke kallo, ko na ubansa, ya nuna mana yadda zai yi. Ina so in ga dattijon da ke cewa ai horo ne an sa shi ya tsaya a matsayin ɗan aji ɗaya, ko na minti biyu ne, a gaban 'yan unguwarsu. Su kansu masu aikin Samaru sun soki nasu da cewa ɗalibai kan je su yi wasa su samu maki su tafi, su bar mutane da matsalarsu. Wasan da 'yan kallo ba su sa baki ba, nishaɗi ne kawai.

Sai maganar tsaro. Kwaikwayon siniyan sakandare ba kamar kwaikwayon 'yan asiri ba ne, waɗannan suna da ramuwa. Don haka kada a ambaci sunan ƙungiya, kada a sa launin tufafinsu ko alamarsu, kada a kwaikwayi wani takamaiman mutum, kuma a yi da rana tsaka da sanin mai unguwa da hukumar makaranta. Mun ga yadda 'yan sandan Kano suka dakatar da tashe a 2025 saboda 'yan daba sun shiga rigarsa. Ba ma so a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Na san wasu malamanmu za su ce dirama shiririta ce, ga cakuɗuwar maza da mata. To a yi na maza daban a majalisa bayan la'asar, na mata su shiga gidan biki ko makarantar Islamiyya, ai 'yan mata ma suna shan nasu a ɗakunan kwana, sai dai su ba su cika faɗa ba. Mu baƙi musamman abin ya fi shafa, don ɗan wanda ba shi da dangi a ofis shi ake fara taɓawa, kuma uban da ke gudun a ce ya cika ƙorafi a garin mutane shi ne ke ce wa ɗansa ya yi haƙuri.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: ɗalibai bakwai ko takwas, bokiti, bel, tsohon akwati da tabarma. In an gama, wani ya ɗaga kwali ɗauke da lambar wayar ofishin kula da harkokin ɗalibai da ta wani dattijo a unguwa wanda ya yarda a kira shi ko da tsakar dare. Ni dai ƙofar gidana akwai fili, akwai inuwar darbejiya, benci biyu ma zan aro daga wajen mai shayi.