A Ɗaura Bel Tun Daga Tasha

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, ya dubi motocin da ke lodi zuwa Mafa da Dikwa da Ngala, zai ga direba ya duba taya, ya duba mai da ruwa, amma bel ɗin kujera yana rataye a gefe, ba ya tunawa da shi sai ya hango ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra. Ita kuwa wannan hukuma an kafa ta a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairu, 2003. Fiye da shekara ashirin ke nan ana fama.

Babbar hujjar direbobi ita ce, wai idan aka yi wa mota kwanton ɓauna, ko ta kama wuta, bel zai hana mutum tserewa. Ba shakka wannan tsoro yana da tushe, domin hanyar Dikwa ta sha ganin hare-hare bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009. To, amma sai a auna. Kwance bel danna maɓalli ɗaya ne kawai. Wanda kansa ya bugi gilashi ya suma kuwa, ko da ƙofa a buɗe take ba ya iya fita.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo ta tsaya cak, jikin mutum ci gaba yake yi da wannan gudun, tamkar ya faɗo daga tsayin mita 10. Babu hannun da zai iya tare wannan nauyi. Shi ya sa wani injiniyan kamfanin Volvo a ƙasar Siwidin, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel mai riƙe ƙirji da ƙugu, aka fara sa shi a mota a 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwar mazauna gaba da kusan rabi.

Wasu kuma cewa suke yi rai nasu ne, ba ruwan kowa. Alhali kuwa fasinjan baya da bai ɗaura ba, kan na gabansa yake faɗawa ya ji masa ciwo. Direban da ya karye kuwa, iyalinsa ne za su yi jinya, su kuma rasa kuɗin cefane.

Saboda haka ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi su ɗauki wannan aiki a matsayin nasu. Duk motar da bel ɗinta ya tsinke kada a ba ta lodi sai an gyara, kuma kada a bar ta ta tashi sai an ga direba da fasinja sun ɗaura. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.