Ƙullutun pankiriyas: bincike ya yi nisa, majinyacin Keita na jiran hoto

Tun 2011 masana a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano sauyin ƙwayar halittar GNAS a wani ƙullutu mai yauƙi da ke fitowa a pankiriyas, inda jiki ke samar da insulin. Wani nau'insa, bisa umarnin ƙwayar CDX2, kan rikiɗe ya yi kama da bangon hanji, kuma yana iya zama kansa.

Maganinsa a cire da wuri, amma sai sikana ta nuna shi. Manomin Keita kuwa sai ya sayar da akuya ya kama hanyar Tawa, wani lokaci har Yamai. Kafin nan idanu sun yi rawaya.

'Yan ci-ranin da ke turo kuɗin magani gida, gara su fara biyan kuɗin hoton ciki idan likita ya nema.