Kuɗin Fansho Amana Ne, Ba Jarin Mai Kamfani Ba

Akwai wani zalunci da ake yi wa ma'aikata a ɓoye, ba a jin ƙararsa sai ranar da tsufa ya zo. Shi ne jinkirin da waɗansu masu kamfanoni ke yi wajen zuba kuɗin fansho a asusun ma'aikatansu. 'Yan Arewa da ke aiki a masana'antun Ikeja da tashar jiragen ruwa ta Apapa, da na Badun da Fatakwal, ya kamata su buɗe ido.

Dokar fansho ta 2014 ba ta bar wani shakku ba. Za a cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a aika da su duka zuwa asusun ajiyar ma'aikacin kafin kwanakin aiki 7 su cika daga ranar biyan albashi. Daga nan kamfanin da ke kula da asusun yake juya kuɗin domin su haihu. Wanda ya makara, za a ci shi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata, tarar kuma haƙƙin ma'aikaci ce.

To, a yi lissafi. Ma'aikacin da ake lissafa masa fansho a kan Naira 100,000 a wata, Naira 18,000 ne za su shiga asusunsa, watau Naira 216,000 a shekara. Idan aka riƙe su, ba ribar watannin nan kaɗai ya rasa ba, har da ribar da ita ribar za ta haifa nan da shekara ashirin. Ko an biya daga baya, kuɗin sun riga sun rame, domin a Disamba 1 ga wata har ƙarshensa na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara.

Me ya sa 'yan jari-hujja ke son wannan jinkiri? Amsar tana cikin lissafi. Tarar kashi 2 a wata, kashi 24 ke nan a shekara. Amma a Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya tsayar da kuɗin ruwansa a kan kashi 27.5, bankunan kasuwa kuwa sukan ɗora nasu a kai. Ashe ke nan rance daga aljihun lebura ya fi na banki araha, kuma ba takarda, ba jingina, ba neman izini. Wannan ba makara ba ce, cin amana ne.

Masu kare su na cewa kasuwa ta yi tsanani, gara a jinkirta fansho da a sallami ma'aikata. Hujjar banza! Kashi 8 ɗin nan an riga an yanke shi daga gumin ma'aikaci, ba dukiyar kamfani ba ne balle a yi jari da shi. Kuma doka ta yarda wanda ya rasa aiki har wata 4 ya ɗebi kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Ina abin ɗiba a rijiyar da ba a bari ruwa ya taru ba?

Saboda haka wajibi ne Majalisar Tarayya ta ɗaga tarar nan har ta zarce kuɗin ruwan banki. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta riƙa bayyana sunayen masu taurin bashi a fili. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su daina shiru. Shi kuma ma'aikaci kada ya dogara da takardar albashi, ya nemi bayanin asusunsa ya gwada wata da wata, in ya ga giɓi ya kai ƙara ga hukuma. Zuwa da kai ya fi aike. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a Kurmi bai cancanci ya koma garinsu hannu rabbana ba.