Dajin Da Ke Ƙarƙashin Teku

In aka ambaci daji, abin da ya kan zo ran yaro shi ne itatuwa da tsuntsaye da namun jeji. To, akwai wani daji kuma wanda ba a ganinsa daga tudu, gama a ƙarƙashin teku ya ke. Tsiron da ke cikinsa shi ne Ingilishi ke kira kelif. Dangin gansakuka ne, amma ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ganyensa dogo ne mai santsi kamar jemammiyar fata.

Wannan tsiro ba shi da saiwa. Sai dai a gindinsa akwai wani abu mai kama da yatsun kaza, da shi ya ke kama dutse ya riƙe gam. Abincinsa kuwa daga ruwa da hasken rana ya ke samu. Saboda haka ba ya yi sai inda ruwa ke da sanyi, kuma garau, ba zurfi ainun, ga duwatsu a ƙasa. Wani irinsa ya fi son lungunan gaɓa, inda raƙuman ruwa ba su da ƙarfi. In aka shanya ganyen wannan, wani farin gari mai zaƙi ya kan fito a bayansa. Wani irin kuma, na gaɓar Kalifoniya a Amurka, ya kan ƙara tsawo har rabin mita a yini guda.

Amfanin wannan daji ba kaɗan ba ne. 'Ya'yan kifi su kan ɓuya cikin ganyensa har su yi ƙarfi, don kada manya su haɗiye su. Ƙaguwa da jatan lande da katantanwa su kan zauna a gindinsa. Ya kan rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta bugi gaɓa. Mutanen Japan suna yin miya da shi, masana'antu kuma suna tatsar wani abu mai yauƙi daga jikinsa, su sa cikin man goge baki.

Ga abin da ya faru a Saseks, wani lardi na kudancin Ingila. A dā dajin kelif ya shimfiɗu a gaɓarsa wajen kilomita 40, daga garin Selsi zuwa Shoram. Cikin watan Oktoba na shekarar 1987 aka yi wata babbar guguwa, ta tumɓuke tsiron da yawa. Da an bar wurin ya huta, da wataƙila ya sāke tohowa. Amma sai jiragen kamun kifi suka yi ta jan manyan taru masu nauyi bisa ƙasan teku, suna kankare duk abin da ya tsiro, suna ta da laka tana tare hasken rana. Kafin shekarar 2019, kashi 96 cikin 100 na dajin nan ya ɓace. Kifi da ƙaguwa suka ragu, ƙananan masunta suka shiga wahala.

A watan Maris na shekarar 2021 hukuma ta kafa doka, ta hana jan taru a ƙasan teku cikin wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 300 kusa da gaɓa. Lalle wannan doka daidai ce, kuma ya kamata sauran ƙasashe masu irin wannan daji su yi koyi da ita.

Akwai masu cewa dokar ta ƙwari masu jiragen, gama su ma iyali gare su, da kamun kifi su ke ci da su. Wannan magana abin dubawa ce, ba a raina sana'ar mutum. Amma fa a lura, ba a hana su duka ba. Mai ƙaramin jirgi yana nan yana kafa gura da koma yadda ya saba, manyan jirage kuma suna da sauran teku. Sa'an nan wanda ya rushe gidan 'ya'yan kifi bana, me zai kama baɗi? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ko a Argungu, ai don an hana su a Matan Fada sai ranar biki shi ya sa a ke samun manyan kifaye a wurin.

Waɗansu kuma suna cewa ba taru kaɗai ya kashe dajin ba, akwai guguwa da laka da ɗumamar ruwan teku. Gaskiya ne. Amma mutum ba shi da ikon tsai da guguwa, taru kuwa hannunsa ke jan shi. Mai hankali ya kan fara da gyaran abin da ke hannunsa.

Cikin shekarun da suka biyo bayan dokar, masu nutso sun ga ƙumba ta fara rufe ƙasan teku, kifaye kuma sun fara komowa. Tsiron kansa a hankali ya ke dawowa, gama abin da aka ɓata cikin shekara talatin ba ya gyaruwa cikin shekara uku. Duk da haka an kama hanya. Ya kamata yaro ya san cewa kifin da ke cikin kwano yana da gida inda ya girma, kuma muddin ana son kifin, tilas a tsare gidan.