Daga Legas zuwa Isa: Wa ke karanta rahoton kamfanonin magani?

A kowace shekara manyan kamfanonin haɗa magunguna da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya, irin su Fidson da May & Baker da Neimeth, kan fitar da rahoton shekara mai kauri. A ciki akwai lissafin riba da faɗuwa, da sunayen daraktoci da yawan zaman da kowannensu ya halarta, da kuma ɓangaren da ke bayanin yadda kamfanin ke kula da muhalli. Masu hannun jari ne a Legas ke karantawa. Amma waɗanda abin ya fi shafa su ne mai kemis a kasuwar Sabon Birni, da uwar da ke auna wa ɗanta magani da cokali a wani ƙauyen Isa, domin idan wani abu ya lalace a masana'anta, a kansu yake ƙarewa.

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu na gabashin Jihar Sakkwato sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga. Ma'aikatan lafiya da dama sun bar ƙauyuka, tafiya zuwa birnin Sakkwato ta zama kasada, jama'a da yawa sun yi gudun hijira zuwa yankin Maraɗi. A irin wannan hali, kemis da mai tallar magani a ranar kasuwa su ne likitan talaka. Babu wanda zai gwada abin da ke cikin kwalba kafin a sha. Amana ce kawai: cewa wanda ya haɗa maganin ya yi gaskiya, kuma akwai wanda ke sa masa ido.

Mutanen yankin sun san yadda guba ke shiga gari a ɓoye. A watan Maris na 2024 ma'aikatar lafiya ta jihar ta sanar da hukumar NCDC wata baƙuwar cuta da ke kumbura cikin yara a Isa. A watan Afrilu shugaban hukumar, Dakta Jide Idris, ya ce mutum 164 ake zargin sun kamu, 4 sun rasu, kuma gwajin farko ya nuna dalma da sinadarin kuromiyam a jinin wasu daga cikinsu. Daga baya an samu rahoton irinta a Sabon Birni. Babu wanda ya danganta wannan cuta da wani kamfanin magani, kuma bai dace a yi haka ba. Darasin dai shi ne, gurɓatar muhalli a jikin yara take fara bayyana, kuma a wuraren da ba su da ɗakin gwaji. Haka aka gani a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400.

Tarihin harkar magani a ƙasar nan ma cike yake da irin wannan gargaɗi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Raunin da lamarin ya bari a zukata na daga cikin abubuwan da suka ƙara wa ƙin rigakafin shan inna ƙarfi a 2003. A 2008 kuma, maganin haƙorin jarirai na My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya haɗa da gurɓataccen sinadari, ya yi sanadin mutuwar yara fiye da 80. A 2018 binciken BBC kan kodin ya sa gwamnati ta haramta shi a maganin tari, hukumar NAFDAC ta rufe masana'antu uku na ɗan lokaci. A 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda kamfanin Aveo na Indiya ke turo ƙwayoyin maye masu haɗari zuwa Afirka ta Yamma.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Kowanne ya biyo bayan shawara ce da wani ya yanke a ofis, ko kulawar da wani ya kasa yi. Shi ya sa batun su wane ne daraktoci, da abin da suka sani, da abin da suka bayyana, ya zama batun rai da mutuwa.

Ta fuskar muhalli, masana'antar magani na fitar da ruwan datti mai ɗauke da ragowar sinadarai. A 2007 masu bincike daga Suwidin sun auna ruwan da ke fita daga wata matatar masana'antun magani a Patancheru, kusa da Hyderabad a Indiya, suka tarar da maganin ciprofloxacin a cikinsa ya zarce wanda ake samu a jinin majinyacin da ke shan sa. Irin wannan ruwa ne ke koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. Ƙwayar cutar da ta bijire kuwa ba ta neman biza, kuma Indiya na cikin manyan ƙasashen da Najeriya ke sayo magani daga gare su. A watan Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan wannan matsala.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma tun 2009 akwai ƙa'idojin muhalli na musamman ga masana'antun sinadarai da magunguna da sabulu. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, a sashe na 305, ta wajabta wa darakta ya yi la'akari da tasirin ayyukan kamfaninsa ga muhallin al'ummar da yake aiki a cikinta. Kundin tafiyar da kamfanoni na 2018 ya tanadi raba kujerar shugaban daraktoci da ta manajan darakta, da sanya daraktoci masu zaman kansu. Hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi kuma ta tsara cewa daga 2028 manyan kamfanoni za su fara bayar da rahoton ɗorewar muhalli bisa mizanin duniya a matsayin dole.

Matsalar ita ce kamfani ne ke rubuta wa kansa shaida. Jimla ɗaya da ke cewa an bi duk dokokin muhalli ba ta gaya wa kowa komai. Ba ta faɗi abin da aka samu da aka auna ruwan datti ba, ko wa ya auna, ko sau nawa aka janye magani daga kasuwa. Sannan wajibcin bayyana bayanai ya fi hawa kan kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari. Kamfanoni masu zaman kansu da dillalan da ke shigo da magani, waɗanda kayansu suka cika kantunan karkara, kusan babu abin da jama'a suka sani game da masu su.

Masu masana'antu na da hujjar da ya kamata a saurara. Tsadar lantarki da faɗuwar darajar naira sun matse su, har GSK ya sanar a 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin wasu magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Ƙarin nauyi na iya ƙarewa a aljihun majinyaci. Sai dai a watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji a kan kayan haɗa magani. Wanda ya karɓi rangwame daga dukiyar jama'a, bai kamata ya ji nauyin nuna wa jama'a takardunsa ba. Kuma kuɗin auna ruwa bai kai kuɗin diyya ba, balle ran yaro.

Abin da ake buƙata a bayyane yake. NESREA ta riƙa wallafa sakamakon binciken masana'antun magani da sunan kowane kamfani. Kowane kamfani ya ayyana darakta ɗaya da sunansa wanda alhakin inganci da muhalli ke wuyansa. NAFDAC ta sa bayyana ainihin masu kamfani cikin sharuɗɗan rajistar magani, har da masu shigowa da shi daga waje. A tilasta wa kamfanoni da manyan dillalai karɓar maganin da ya lalace daga ƙananan kemis, maimakon a watsar da shi a bola ko kwata, inda damina za ta wanke shi zuwa rijiyoyi da fadamun Gulbin Rima. Sanarwar janye magani kuma ta fita da Hausa a rediyo a ranar da aka yanke shawarar. Gwamnatin Sakkwato, a nata ɓangaren, ta sa waɗannan sharuɗɗa a duk kwangilar sayen magani, ta kuma samar da wurin gwajin guba da zai iya amsa kiran gabashin jihar cikin kwanaki.

'Yan majalisar da ke wakiltar Isa da Sabon Birni a Sakkwato da Abuja na da ikon neman waɗannan bayanai, kuma ya kamata su nema tun kafin wata baƙuwar cuta ta sake ɓulla. Rigakafi ya fi magani, ko da a kan masu haɗa maganin ne.