Kamun kifi a tsakar gida: wasan mayen ƙarfe da ke koya wa ɗiyanmu kimiyya

Yau zancen yara za mu yi, da wani ɗan wasa wanda kayansa duk suna cikin gidajenmu, in ban da abu guda.

Da yawanmu in muka ji an ce kimiyya, sai mu ɗauka abin lakwal ne, sai mushe, sai faransanci, sai wanda ya yi nisa da karatu. Uwar da ba ta taɓa zama aji ba takan ce ita ina ruwanta da wannan. To amma mun san halin da azuzuwa ke ciki a wurare da dama: yara sun cika maƙil, malami ɗaya, ba kayan gwaji. Yaro ya kwafe darasi daga allo zuwa kaye, ya hardace, ya rubuta ranar jarrabawa, bayan sati biyu ya manta, don bai taɓa abin da hannunsa ba. Ɗiya mace kuwa da ta dawo gida ga tulu, ga wanke-wanke, ga talla. Nan ne muke ganin uwa na da abin yi, ko da ba ta san harafi ɗaya ba. Tushen kimiyya shi ne mutum ya yi tambaya, ya yi hasashe, ya gwada, ya duba abin da ya fito. Wannan kuwa ana iya yin sa bisa tabarma.

Abu gudan da za a nemo shi ne mayen ƙarfe, wanda ake kira maganaɗisu a littafi, kalmar da muka aro daga Larabci. Ba sai an je kanti ba. A bayan lasifikar kowace tsohuwar rediyo akwai wani baƙin zobe mai nauyi, shi ke nan mayen. Mai gyaran rediyo na kasuwa yana da matattun lasifiku jibge, a roƙe shi ya ɓamɓaro zoben, kuɗɗin bai taka kara ya karya ba. A nemi na ƙaramar rediyo, don na babbar lasifika ya yi wa hannun yaro nauyi. In an samu biyu ya fi. Irin wannan baƙin mayen yana da saurin fashewa in ya faɗi, saboda haka a naɗe shi cikin tsumma a ƙulle tam, sannan a ɗaura masa zare mai ƙwari kamar kamu biyu. Ɗaya bakin zaren a ɗaura shi ga sandar dogon yaro ko kara mai kauri. Fatsa ta samu ke nan.

Kifin kuma daga kwali za a yanka, kwalin sukari ko na sabulu. A bar yara su zana da kansu, wannan tarwaɗa, wannan karfasa, wancan giwan ruwa. Ɗiyan Madarunfa da Tabalak da Gidimuni da na bakin kogi a Yamai sun san su ido da ido, su za su gyara mana zanen. A bakin kowane kifi a maƙala marfin kwalbar lemo, a bubbuge haƙoransa da dutse su kwanta don kada su yanki yaro, a huda a ɗinke shi da zare. Ƴar wayar nan da ake maƙale takardu da ita a ofis ita ma tana yi. In ana son a yi cikin ruwa, a yanka kifin daga tsohon silifas, shi ba ya nitsewa. In ba ruwa, faifai ko tabarma sun isa tabki.

Ranar farko a bar su su yi ta kamu kawai, su ƙirga, su yi gardama. Rana ta biyu ne karatu ke farawa. A ƙara wasu kifaye waɗanda bakinsu ba marfin kwalba ba ne: wani da guntun icce, wani da roba, wani da maɓallin riga, wani da jar wayar lantarki, wani da guntun tsohuwar tukunyar alminiyo. Kafin yaro ya jefa fatsa a tambaye shi, “Wanne kake jin zai kamu?” Ya faɗa, sannan ya gwada. Waɗanda suka kamu a tara su gefe guda, waɗanda suka ƙi a tara su gefe guda.

Kusan kowane yaro zai ce duk abin da yake ƙarfe zai kamu, manya ma haka suke zato. Sai ga jar waya ta ƙi, ga alminiyo ya ƙi. A nan za ku ga ido ya buɗe. Hausa ta haɗa su duka ta ce ƙarfe, amma maye ya san nasa. Baƙin ƙarfe yake ja, da duk abin da aka yi da shi, sai wasu ƙarafa biyu da ba mu cika gani zallansu ba, nikel da kobal. Jan ƙarfe, farin ƙarfen tagulla, alminiyo, azurfa da zinariya, duk ba ruwansa da su. Daga nan a saki yara su zagaya gida da mayen. Gwangwanin tumatir da na madara za su kamu, don baƙin ƙarfe ne aka shafe bayansa. Kwanon samira zai kamu, don ƙarƙashin fentin baƙin ƙarfe ne. Tukunyar da maƙeranmu ke zubawa da narkakken alminiyo ba za ta kamu ba. Cokula masu ƙyalli kuwa wani ya kamu wani ya ƙi, gwargwadon haɗin da aka yi su da shi.

Wannan ilimi yana da amfani ga aljihunmu ma. Masu sayen tsofaffin ƙarafa da maye suke rarrabe kaya, don jan ƙarfe da alminiyo sun fi baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. Tela da maye yake tsince allurai da suka zube. Ɗan kunne ko sarƙar da aka ce miki zinariya ce, in jikinta ya manne wa maye, to akwai wani abu ciki da ba zinariya ba. Sai dai a kiyaye, ƙin mannewa ba shaida ba ce cewa zinariya ce, don tagulla ma ba ta mannewa. Wannan gwajin yana kama wata ƙaryar, ba ya kama duka.

Yara za su tambaya, “Inna, me ya sa yake ja?” Kada mu ce musu aljani ne ko siddabaru, sunan maye kawai ya ci. Ga yadda za a faɗa musu. Cikin baƙin ƙarfe akwai ƙananan ɓangarori da ido ba ya gani, kowanne kamar ɗan ƙaramin maye ne. A zaman yau da kullum kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, kamar mutane a kasuwa, shi ya sa ƙarfinsu ba ya haɗuwa. In maye ya matso sai duk su juyo su yi sahu, su fuskanci wuri guda, ƙarfinsu ya haɗu, ƙarfen ya manne. Icce da roba ba su da irin waɗannan ɓangarori, saboda haka ba abin da zai yi sahu.

Ga wasu gwaje-gwajen da za a bi da su sannu a hankali, ɗaya a rana ya isa. A rufe kifin da takarda, a ga ko zai kamu. Zai kamu. A sa kwali ɗaya, biyu, uku, a ƙirga har inda ƙarfin ya ƙare. Yaro zai gane da kansa cewa jan yana ratsa takarda da tsumma da ruwa, amma yana raguwa in nisa ya ƙaru. A manna marfin kwalba ga maye, a taɓa wani marfin da na farkon, shi ma ya biyo. A cire mayen, sarƙar ta watse. A ja mayen, yana cikin leda, cikin busasshen yashin ƙorama, sau da yawa za a ga baƙin gari ya manne, ƙarfen da ke cikin ƙasa ke nan. In akwai maye biyu, a haɗa su su manne, a juya ɗaya a sake kusantowa, sai su riƙa ture juna. Kowane maye fuska biyu gare shi, ana ce musu arewa da kudu. Iri ɗaya suna ƙin juna, mabambanta suna jan juna.

Na manyan yara, ƴan shekara 9 zuwa sama, shi ne gwajin allura, kuma babba na zaune. A goga allura ga maye kamar sau 30, kullum daga kunne zuwa tsini, ba a kai da komowa. A ɗora ta bisa ɗan ganye cikin ruwa a ƙwarya ko roba. Kada a yi cikin kwanon ƙarfe, kuma a kai mayen nesa, in ba haka ba su za su janye ta. Sai a ga ganyen ya juya a hankali ya tsaya, baki ɗaya arewa, ɗaya kudu. A juya shi, ya koma. Dalili shi ne duniyar da muke bisanta ita kanta babban maye ce. Mutanen Sin sun yi amfani da irin wannan allura wajen gane hanya kusan shekara dubu da suka wuce, kuma a 1600 wani likita ɗan Ingila, William Gilbert, ya bayyana cewa duniya ce ke jan ta. Yaron da ya gane arewa ya gane gabas, daga nan sai a nuna masa alƙibla, wadda a ƙasarmu take gabas da ɗan karkata wajen arewa.

Lissafi ma yana shiga. A rubuta wa kowane kifi farashi a baya: 25, 50, 100, 250. Wanda ya kama ya haɗa kuɗɗin kifinsa. Mun san yadda yara ke rikicewa tsakanin lissafin kasuwa da na lakwal, a gida dala ashirin, a aji 100. To a ce ya faɗi farashin iri biyu, ya raba da biyar ya samu dala. Ƙananan kuma a rubuta musu haruffa, su kamo waɗanda ke cikin sunansu.

Yanzu ga gargaɗi, kuma muna roƙo a karanta wannan wurin da ƙarfi a taro don waɗanda ba su karatu. Akwai wasu ƙananan mayu farare masu ƙyalli, kamar ƙwayar magani, da ake samu cikin abin sauraro na kunne, da marfin jakar hannu, da wasu kayan wasan yara. Ƙarfinsu ya fi na baƙin nesa. Kada a yi wannan wasa da su ko kaɗan. In yaro ya haɗiye biyu, ko ɗaya da wani guntun ƙarfe, suna iya jan juna ta cikin hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje. Da farko yaron na iya zama lafiya lau, daga baya ciwon ciki da amai su taso. Wadda ta yi zaton ɗanta ya haɗiye maye, ta kai shi gidan likita nan take, ta faɗa musu abin da ya haɗiye. Kada a jira ya fito da kansa, kada a sa shi amai, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Baƙin mayen ma in ya fashe, a tsince gutsattsarin a jefar inda yaro ba ya kai. Ƴan ƙasa da shekara 3 su yi kallo daga cinyar uwa, don marfin kwalba na iya shaƙe su. Ban da ƙusa mai tsatsa, ban da reza. In an yi da ruwa, ana gamawa a zubar, domin ruwa kaɗan cikin baho ya isa ya halaka mai rarrafe. Kuma a raba maye da agogo da katin banki.

Wata za ta ce, yo mu da ke neman na tuwo, ina muka ga lokacin kamun kifin kwali? Maganarta tana bisa hanya. Amma wannan ba ya cin fiye da rabin awa, kuma ranar zubi yaran nan suna nan suna zagaye mu, muna ta korar su. Ƙungiya ɗaya maye biyu sun ishe ta. A ajiye su wurin mace guda, babbar yarinya ɗaya ta kula da wasan can gefe cikin inuwa, mu mu yi lissafinmu cikin natsuwa. Lokacin babban hutu kuma kayan su riƙa kwana gida gida.

Abu ɗaya muke so a sa wa ido: sandar ta shiga hannun ɗiya mata. In aka bar yara da kansu, maza za su riƙe fatsa, mata su koma masu jera kifi da tafi. A yi layi, kowa da jefawarsa uku. In yarinya ta yi hasashe bai fito ba, kada a yi mata dariya, a ce ta sake gwadawa ta gaya mana abin da ta gani. In ta yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, a ce ta riƙe ta kai wa malaminta gobe. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, cikin irin ƙasar da ɗiyanmu ke wasa yau.

Wadda ta gwada ta zo mana da labari a taro na gaba, musamman abin da ya kamu a gidanta wanda ba ta yi zato ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun sake saduwa.