A Biya Marubutan Gombe Hakkin Guminsu

Duk mutumin Arewa da ya taɓa sauke shanu a Ikko, ko ya sari goro a Shagamu, ko ya kai albasa kasuwar Mile 12, ba ya bukatar a koya masa cewa ciniki ba ya tsayuwa sai da abu uku, watau sanin farashi, da shaida, da kuma wanda zai tsaya har a biya. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, to, mai kaya ya zama abin tausayi komai kyan kayansa. Ga shi kuwa yau a can gida, a birnin Gombe, akwai samari da 'yan mata masu ilmi da suka shiga wata sabuwar kasuwa ba su da ko ɗaya daga cikin ukun. Kasuwar ita ce ta rubutu a intanet, hajarsu kuwa alƙalami ne.

Tun da aka yanke Jihar Gombe daga ta Bauci ranar 1 ga Oktoba, 1996, makarantu suke ta ƙaruwa a cikinta. An kafa Jami'ar Jiha a 2004, aka buɗe ta Tarayya a Kashere a 2011, ga kuma Kwalejin Horar da Malaman Fasaha da ta riga su. Kowace shekara sai an yaye ɗalibai, alhali kuwa kujerun ofis ba su ƙaruwa kamar yadda masu nemansu ke ƙaruwa. Don haka wasu daga cikin yaran Pantami da Jekadafari da Bolari da Tudun Wada suka rungumi waya da kwamfuta, suna rubuta wa kamfanoni tallace-tallace, suna fassara daga Turanci zuwa Hausa, suna mayar da maganar da aka ɗauka a rikoda zuwa rubutu, a biya su gwargwadon abin da suka yi, ba albashi, ba fansho.

Wannan sana'a ba abin rainawa ba ce, ba kuma baƙuwa ba ce. Dattawan da suka daɗe a Kurmi suna tune da malaman da ke zama a ƙofar gidan waya da tebur da tawada, suna rubuta wa leburori da 'yan dako wasiƙa zuwa gida, a biya su nan take. Kafin su ma, gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta fito da Alhaji Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Tun wancan zamani aka san rubutun Hausa abin cin abinci ne. Bambancin kawai shi ne, malamin gidan waya yana ganin mai ba shi aiki ido da ido, shi kuwa marubucin yau bai san ko fuskar wanda yake yi wa aiki ba.

Abin mamaki kuma shi ne hajar tasu tana da masu so. Kamfanin Google ya shigar da Hausa cikin injinsa na fassara a 2013, sa'an nan tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 manyan kamfanonin duniya suke rige-rigen koya wa injunansu harsuna, har da Hausa mai miliyoyin masu magana da ita daga Nijeriya da Nijar zuwa Gana da Sudan. Inji kuwa ba ya koyon harshe sai daga hannun mai harshen. Wanda ya iya bambanta ƙasa da kasa, da baƙi da baki, ya san inda karin magana ke zama da inda ba ya zama, abu ne gare shi wanda mutumin Indiya ko na Filifin ba zai iya kawowa kasuwa ba komai arhar aikinsa. To, in haka ne, me ya sa ake sayen wannan haja da farashin wulaƙanci?

Amsar tana cikin tarihin Gombe kanta. Garin nan da auduga ya yi suna, ita ce ta kawo masa injin gurza, jirgin ƙasa kuma da ya iso a farkon shekarun 1960 ya riƙa kwasar ta zuwa bakin teku. Amma fa manomin da ya sha rana ya tsinci audugar ba shi ne ya yi arziki da ita ba. Hukumar ciniki ce ke yanke farashi, wakilanta ne ke riƙe da sikeli, manomi kuwa bai san nawa ake sayar da ita a Ingila ba, har zuwa 1986 da aka rushe hukumomin. Marubucin intanet na yau ɗan wancan manomi ne. Sau da yawa aikin da ya zo hannunsa ya riga ya bi ta hannu biyu ko uku: kamfani a Amurka ya ba wani kamfani kwangila, wannan ya ba wani dillali a Ikko ko Abuja, dillalin ya watsa a zauren WhatsApp, kowa ya yanki rabonsa, abin da ya isa Gombe sai ƙashi.

Ko da marubuci ya tsallake 'yan tsakiyan nan ya je manyan kasuwannin da kansa, akwai la'ada tana jiransa. Dandalin Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin kowane aiki, watau cikin dala 100 dala 80 ce tasa. Upwork ma yana cire nasa, har ma neman aikin kansa da kuɗi ake yinsa a can. Bayan wannan ga wahalar karɓo kuɗin. Lokacin da PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, ya yarda 'yan ƙasa su aika kuɗi amma bai yarda su karɓa ba, aka yi shekaru a haka, sai marubuta suka koma ga irin su Payoneer, su ma da nasu cajin. Tun da aka saki darajar naira a 2023 kuma, dala kaɗan takan zama naira mai yawa a ido, sai yaro ya ga dala biyar ya yi murna, ya manta cewa masara da man fetur da kuɗin haya su ma sun bi dalar sun hau.

Ga lissafi mai sauƙi wanda kowa zai iya yi. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. In aka raba wannan kuɗi a kwanakin aiki 22, kowace rana ta tashi a kan naira dubu uku da 'yan kai. To, a ce an yi wa marubuci tayin naira biyu a kowace kalma, ya wuni yana bincike da rubutu da gyara har ya haɗa kalma dubu, abin da ya samu naira 2,000 ke nan. Daga ciki zai sayi data, ya biya kuɗin cajin kwamfuta a shago in wutar kamfanin Jos ta ɗauke, ya kuma ci abinci. Ashe ke nan mai digiri ya wuni yana aiki a ƙasa da ladan masinja. Dokar albashin kuwa ba ta rufa masa asiri ba, gama ba ta shafi masu aikin jinga ba.

Kada a ce wannan abu a Nijeriya kaɗai yake faruwa. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta Amurka ta tona cewa ma'aikata a Kenya da suka yi aikin tace rubuce-rubuce domin ChatGPT, ta hannun wani kamfanin kwangila mai suna Sama, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. A watan Maris na 2024 kuma dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Nijeriya da Kenya dare ɗaya. A cikin gida ma, OkadaBooks da marubuta ke sayar da littattafansu a kai ya daina aiki a ƙarshen 2023. Darasin a fili yake, wanda ya shimfiɗa tabarmarsa a rumfar wani, ranar da mai rumfa ya ga dama zai naɗe ta.

Akwai masu cewa ai mai koyo dole ya yi haƙuri da kaɗan kafin ya yi suna, kuma da babu gara ba daɗi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, domin ba wanda zai biya sabon hannu kuɗin gwani. Amma ɗan koyo a wurin tela ko makaniki ya san ranar da za a yaye shi, shi kuwa wanda ya saba wa mai saye da arha ba ranar yayensa, kullum aka nemi ƙari sai a nuna masa wani da zai karɓi ƙasa da haka. Wasu kuma suna cewa inji ya kusa ƙwace aikin baki ɗaya, don haka a karɓi abin da ya samu. Lalle inji ya rage kasuwar rubutun Turanci na cika shafi, wanda kowa ke iya yi. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata ɗan Gombe ya tsaya kokawa a can ba, ya bar abin da ya fi kowa sani, watau Hausa da Fillanci da Tangale da Tera, da sha'anin noma da kiwo da kasuwannin ƙasarsa.

Saboda haka wajibi ne marubuci ya riƙe wasu ƙa'idodi. Ya auna awa nawa aiki zai ci masa, ya haɗa da kuɗin data da na wuta, kafin ya faɗi farashi. Kada ya ɗora alƙalami sai an rubuta yawan kalmomi, da kuɗi, da ranar biya, da yawan gyaran da za a nema, ko da a saƙon waya ne, domin shi ne shaidarsa. Baƙon da bai sani ba ya ba da kafin alƙalami, ko ya ajiye kuɗin a hannun dandali tukuna. Duk wanda ya ce a biya kuɗin rajista kafin a ba da aiki, ko ya nemi shafi biyar kyauta da sunan gwaji, a guje shi. Ya kuma sani cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da sallama haƙƙin rubutu ba sai a rubuce. Rubuta wa ɗalibai kundin digiri kuwa ha'inci ne komai tsokar kuɗinsa, mai neman a yi masa adalci ba ya fara da cutar wani.

Duk da haka, tsinke ɗaya ba ya shara. A nan ne 'yan'uwa mazauna Kudu suke da abin koyarwa. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, ba da bindiga ta riƙe cinikin shanu da goro ba. Tsari ne ya riƙe ta. Falke ya sauka wurin maigida, watau fatoma, shi ne ya san farashin ranar, shi ne ya san mahaucin da ke biya da wanda ke cin bashi, in an yi ciniki bashi kuma shi ne mai lamuni. Mahaucin da ya ci amanar falke ɗaya, zango duka ya daina ba shi kaya. Abin da marubutan Gombe suka rasa ke nan. Ya kamata su haɗa kai su kafa ƙungiya tasu, su yanke farashin da ba mai sauka ƙasa da shi, su buɗe littafin sunayen masu biya da masu cin gumi, su riƙa karɓar manyan kwangiloli da sunan ƙungiya ba ta hannun dillalai ba. Masu binciken Fairwork na Jami'ar Oxford, da ke auna adalcin irin waɗannan dandali, sun sa wakilcin ma'aikata cikin sharuɗɗansu biyar, tare da lada da yanayin aiki da yarjejeniya da shugabanci. Abin da Turawa suka gano da bincike, fataken Sabo sun daɗe da saninsa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, ita ma ya dace ta buɗe ƙofa ga waɗannan yara, ko da ba su taɓa buga littafi ba.

Mazauna Ikko da Ibadan da Fatakwal da Anaca suna da wani nauyin kuma. Ƙungiyoyinsu na 'yan kasuwa da direbobi suna bukatar masu rubuta tsarin mulki, da takardun koke, da sanarwa, da talla cikin Hausa da Turanci. Su nemi yaran gida su ba su aikin, su biya su kamar yadda za su biya baƙo, kada zumunci ya zama hanyar cin gumi, gama addini bai yarda a tauye ma'aikaci ko a ja masa rai ba. Wanda kuma yake aika wa ƙane kuɗin data, ya tambaye shi nawa ake biyansa a kalma, wa ke biyan, ina shaida. Gwamnatin Jiha ita ma ta sani cewa horar da matasa kwamfuta ba ya wadatarwa in ba a tanadar musu wurin aiki mai wuta da intanet ba, tare da lauyan da zai duba musu yarjejeniya.

Kakanni sun sayar da auduga ba su ga sikeli ba, ba laifinsu ba ne, ba su sami karatu ba. Jikokinsu sun yi karatu, ba su da hujjar da za su sayar da alƙalaminsu a makance. Allah ya sa masu rubutu su haɗa kai, masu biya kuma su ji tsoron Allah, amin.